Kan Zomo Na Kare Ne

Mahaifina mafarauci ne, ni kuma malamin dabbobi. In ka ji haka sai ka ɗauka bakinmu ɗaya a kan dabba, to ba haka ba ne. Shi a ganinsa aikina bai wuce in tsira wa saniya allura in ruga kafin ta harbe ni ba. Ni kuma ina ganinsa tsoho mai taurin kai, wanda ba ya jin maganar kowa sai ta daji. "Malamin shanu" yake kirana, ko a gaban baƙi. Na gaji zafin ransa kaf, amma ban gaji haƙurinsa ba. Yana da haƙuri, wallahi yana da shi, sai dai a daji yake ƙarar da shi, bai cika dawowa gida da saura ba.

Ƙauyenmu yana kusa da Pauwa. A shekarun da nake magana, da zarar dawa ta shiga rumbu sai ka ji gangar farauta tun da sassafe. Maza su fito da gora da ƙere, wato sandar nan mai lanƙwasa da ake jifan zomo da ita, karnuka suna ta tsalle suna shaƙe kansu da igiya. Mutanen Mabai su zo, wani lokaci har na wajen Tafoki, a haɗu a bakin rafi a yi addu'a a bazu. La'asar sakaliya a dawo da zomaye da gafiya da zabin daji a rataye, kowa ƙafa ta yi futu-futu, ana ta cika baki, wanda bai kama ko ɓera ba shi ya fi kowa labari. Yanzu wa zai shiga dajin nan? Gonar da ke bayan gari ma sai an waiwaya ake nomanta. In na tuna yadda muke ratsa daji ba abin da muke tsoro sai ƙaya da maciji, sai in ji kamar wata ƙasa ce na taɓa zama aka kore ni.

Baba yana da wani jan kare mai dogayen ƙafafu, kunnensa ɗaya a yage. Bai taɓa sa masa suna ba. Fito yake masa, gajere sau biyu, ko yana bayan tsauni sai ya zo. Shekara tara suna tare. Tun yana ƙarami wata saniya ta harbe shi ta karya masa fiƙar ƙasa ta dama, saboda haka duk kamun da ya yi a rayuwarsa da ta hagu ya yi shi. Da wannan haƙori ɗaya ya ciyar da gidanmu nama rani tara.

Akwai al'adar da mafarautan wajenmu ba sa wasa da ita: kan zomo na kare ne. In Baba ya dawo, nama ba ya shiga gida tukuna. Zai zauna a gindin darbejiyar ƙofar gida, ya cire kan, ya babbake shi a wutar kara, ya bari ya huce, sannan ya miƙa wa kare da hannunsa. Ba ya jefawa. Na taɓa jefawa ina yaro, na sha ranƙwashi, ya ce ba a jefa wa abokin aiki abinci. Inna tana tsaye a zaure da tukunya tana jira, tana mita miyarta za ta yi dare, shi ko a jikinsa. Sai kare ya gama ƙwas-ƙwas ɗinsa ya lashe baki, sannan Baba ya ce, "To, ɗauki." Naman da aka ci kafin kare ya ci nasa, in ji shi, haƙƙin wani aka ci.

Abin ya fara ne da ƙayar beguwa. Ƙarshen damina kare ya tono wata a bayan gona, ta sakar masa ƙayoyi a fuska. Baba ya zare su ɗaya bayan ɗaya, ashe tsinin ɗaya ya karye a cikin dasashi, daidai gindin fiƙar hagu. Wurin ya kumbura. Baba ya yi abin da ya ga ubansa yana yi, ya gasa kibiya a wuta ya yi masa sakiya. Mugunya ta fita, kumburi ya sace, kowa ya ce alhamdu lillahi. Bayan sati biyu ya dawo, aka sake sakiya.

Lokacin ina aiki a Faskari, ƙarshen wata nake zuwa gida. Ina sauka daga babur kare ya zo gaishe ni, warin da ya bugo ni daga bakinsa sai da na kau da kai. Na ɗaga leɓensa. Dasashi ya janye daga jikin haƙori, ya yi baƙi-baƙi, na taɓa fiƙar da yatsa sai ta motsa.

Na ce, "Baba, me aka yi wa karen nan?"

Ya ce, "Magani."

"Wane irin magani? Ƙashin da ke riƙe da haƙorin ya ruɓe. Sai dai a cire shi."

Ya dube ni sama da ƙasa. "A cire? To da mi zai riƙe zomo, da addu'a? Malamin shanu, in iyakar karatunka ke nan, a maido maka da wahalarka."

Na ji haushi, amma gaskiyarsa ce, iyakar karatuna ke nan. Kuma na fahimci abin da bai faɗa ba. Gwiwoyin Baba sun fara ba shi labari, idonsa ɗaya ya fara hazo. Da karen nan yake shiga cikin mafarauta a matsayin mafarauci. In babu shi, tsoho ne kawai mai bin yara a baya da sanda, kuma ba shi da sauran shekarun da zai horar da ɗan kwikwiyo. In fiƙar nan ta tafi, farautar Baba ta tafi.

Allah da ikonsa, a watan ne aka tura mu garin Sabuwa rigakafin shanu, aka haɗa mu da wata likitar dabbobi da ta zo daga Zariya. 'Yar siririya ce, ba ta da yawan magana, amma in ta kama hancin bijimi sai ya nutsu. Muna cin abinci wata rana aka tambaye ta abin da take ƙarin karatu a kai, ta ce yadda ake sa ƙashi da dasashi su sake tsirowa a bakin kare. Abokan aikina suka kwashe da dariya, ɗaya ya ce, "Likita, mutane na fama da ciwon haƙori, ke kina wajen karnuka!" Ni ban yi dariya ba. Da aka watse na bi ta na ba ta labarin karen Baba. Ta yi mini tambayoyi kusan goma, sannan ta ce in kawo shi ofishin dabbobi na Kankara ranar da za ta bi ta can, za ta zo da kayanta.

Tafiyar ma abin kallo ce. Na ce a ɗaure kare a buhu a bayan babur, Baba ya ce ni ya kamata a sa a buhun. Haka muka hau mu uku, ni a gaba, shi a baya, kare a tsakiyarmu a kan cinyarsa, harshe a waje. Duk majalisar da muka wuce sai an ɗaga murya: "Baba, ina zuwa da angon?" Ya ce, "Asibiti!" Aka yi ta dariya har muka ɓace.

Da ya ga likitar ya ɗan ja baya, ya raɗa mini, da irin raɗarsa da ake ji daga bakin titi, "Mace ce za ta sa hannu bakin kare?" Ta ji sarai. Ta durƙusa ta gaishe shi, "Baba, ina kwana, ya hanya?" sannan ta miƙa wa kare bayan hannunta ya shinshina, ta jira har ya kaɗa wutsiya kafin ta taɓa shi. Baba ya gyaɗa kai. Daga nan bai sake cewa komai game da mace ba.

Ta yi masa allurar barci, muka ɗora shi a teburin ƙarfe, aka ta da janareta. Ta ce Baba ya jira a waje, ya ce shekara tara bai taɓa barinsa a hannun wani ba, ba yau zai fara ba. Ta ba shi kujera. Ta fara ɗibar jinin kare daga ƙafar gaba, ta zuba a 'yar kwalba, ta sa a wata na'ura da ke juyawa da gudu. Kafin ta tsaya ta yanka dasashin a hankali ta ɗaga shi, ta shiga kankare ruɓaɓɓen ƙashi. Can ta zaro wani abu da hantsaki ta ɗora a auduga ta miƙa wa Baba. Tsinin ƙayar ne, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Baba ya daɗe yana kallonsa, ya ce, "Ɗan hakin da ka raina." Bai ƙarasa ba.

Ramin da ya rage a gindin haƙorin zai ɗauki ƙwayar gyaɗa. Ta buɗe wani ƙunshi mai farin gari tsaki-tsaki, ta ce ƙashin shanu ne da aka tsabtace har ba abin da ya rage sai zallar ƙashin. Baba ya ce, "Ƙashin shanu a bakin kare? Ai ya saba, sai dai bai saba ya tsaya nan ba." Ta yi dariya a cikin takunkuminta. Ta ciro kwalbar daga na'ura, jinin ya rabu, sama ya daskare ya yi rawaya. Ta yanko daskararren ta cakuɗa da garin ƙashin ta cika ramin.

Baba ya matso da kujera. "Wanga gari shi zai zama ƙashinshi?"

Ta ce, "A'a, Baba. Kun san yadda wake ke bin karan dawa ya hau? Wannan karan ne kawai. Ƙashinsa na kansa shi zai biyo ta ciki ya hau, jininsa kuma shi ne takin."

Sannan ta ɗauko wani tantani siriri ta rufe wurin kafin ta mayar da dasashi. Ya tambayi amfaninsa. Ta ce nama ya fi ƙashi saurin tsiro, in ba a tare shi ba shi zai riga ya cika ramin, ƙashi ya rasa wuri.

"Ciyawa ke nan," in ji Baba. "Ita kullum ta riga shuka."

Ta ce, "Kun gama karatun, Baba." Daga ranar ya koma kiranta ɗiyata.

Da ta gama ɗinki aka kira sallar azahar, Baba ya fita alwala. Ni ta yi wa bayani. Sati takwas ba farauta, ba ƙashi, ba wani abu mai tauri. A riƙa wanke bakin da ruwan magani safe da yamma. Abinci mai laushi: kunu, tuwo da aka jiƙa, nono. Ta ƙara da cewa nama ma babu laifi, har da kai da ƙafa, in dai an dafa ya yi lugub an daka shi a turmi.

To a nan na yi wayona. Na ce a raina na san halin tsohona, in ka buɗe masa ƙofar akuya da raƙumi zai shigo. In na ce masa nama dakakke, gobe zai ce ai wannan ƙashin ma da laushi. Saboda haka da muka hau babur na juyo na ce, da muryar da nake yi wa makiyaya magana, "Likita ta ce ba ƙashi, ba nama, ba farauta. Kunu kawai, sati takwas." Ya ce, "Kunu kawai?" Na ce, "Kunu kawai." Ya ce, "To." Na yi ta jin daɗin kaina har gida.

Ya kuwa riƙe. Ban taɓa ganin Baba ya bi umarnin wani haka ba. Safe da yamma yana durƙushe da sirinji yana wanke bakin kare, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Inna, wadda ba ta taɓa barin karen nan ya wuce zaure ba, ita ta koma dama masa kunun gero, tana tacewa kamar na mai jego. Ta ware masa kasko, in ya gama ta wanke sau bakwai tana mita: "Ni 'yasu, na tsufa na zama kukun kare." Amma ranar da ƙanwata ta dama ya yi gudaji, Inna ta zubar ta sake sabo.

Sati huɗu likita ta biyo ta Kankara, muka kai shi. Wari ya tafi. Dasashi ya yi ja mai kyau ya rungume haƙori. Ta taɓa fiƙar, motsin ya ragu sosai. Ta ce ƙashi ya fara hawa, amma ɗanye ne, yanzu ne ma ya fi bukatar a lallaɓa shi. Baba ya fito yana murmushi, haƙoransa huɗu da suka rage duk a waje. A hanya har waƙar farauta ya yi mini a kunne, ya kusa sa mu faɗa rami.

A sati na biyar aka buga ganga. Ina Faskari, abin da ya biyo baya Inna ce ta ba ni labari. Kare ya ji ganga ya miƙe yana rawar jiki. Baba ya ɗaure shi a gindin darbejiya, ya kawo buzunsa ya zauna kusa da shi. Mafarauta suka wuce ta ƙofar gida suna ɗaga masa gora, ya ɗaga musu hannu. Tun yana saurayi ba a taɓa buga gangar nan yana gari bai bi ta ba. Kare ya yi ta kuka har hantsi, Baba bai tashi ba, ko furarsa bai sha ba.

Da la'asar suka dawo. A al'adarsu, wanda lalura ta tsare a gida ba a wuce ƙofarsa hannu rabbana. Sarkin dawa da kansa, shugaban mafarauta kuma abokin Baba tun suna yara, ya tsaya ya sauke zomo mai ƙiba ya ce, "Ga rabonku, kai da majinyaci." Suka yi barkwanci, suka wuce.

Aka bar Baba da zomo a hannu, kare kuma ya je ya tsaya daidai inda yake tsayawa shekara tara, yana kaɗa wutsiya yana kallon hannunsa. Inna ta fito da tukunya. Ta ce, "Malam, ka dai tuna maganar likita." Ya ce, "Na tuna." Mayar da kyautar abokai cin fuska ne. Shigar da nama gida kare bai ci nasa ba kuwa, bai san yadda ake yin haka ba. Ta ce sau biyu yana miƙo mata zomon, tana kai hannu sai ya janye. Daga ƙarshe ya cire kan, ya babbake shi ya fi na kullum daɗewa, ya ƙwanƙwasa shi da bayan gatari wai ya yi laushi, ya miƙa da hannunsa. Kare ya karɓa ya juya shi ɓangaren hagu, inda ya saba. Inna ta ce ƙarar da ta ji ba ta kan zomo ba ce. Kare ya yi ƙara ya saki, jini yana ɗiga.

A daren Inna ta aiko mini da labari, washegari da safe na iso, tun daga Faskari nake tafasa. Na ɗaga leɓen. Dasashi ya tsage, farin garin nan yana fitowa haɗe da jini, fiƙar ta kwanta gefe. Akwai mutane a ƙofar gida, maƙwabta uku da sarkin dawa. Ban duba ba. Na miƙe na ɗaga murya a kan mahaifina, abin da ban taɓa yi ba.

"Baba, me na ce? Me na ce muku? Sati uku ya rage! Baiwar Allah ta taso tun daga Zariya ta yi aikin da ko mutum bai samu ba, kun rushe shi saboda kan zomo! Wace irin al'ada ce wannan? Kare ya san wata al'ada? Ku da hannunku kun kashe masa baki!"

Sarkin dawa ya sunkuyar da kai. Na jira Baba ya tashi da gora, wallahi da na fi son haka. Bai tashi ba. Hannunsa na kan wuyan kare, ya ce a hankali, "Shekara tara yana kamowa ya kawo mini. Yunwa gare shi, nama na bakinshi, bai taɓa cin nawa ba. Ni in ci nashi yana kallo?"

Na buga tsaki na je na kira likita a waya.

Bayan kwana biyu muka sake haɗuwa a Kankara. Wannan karon ba wanda ya yi waƙa a hanya. Ta duba ta daɗe, ta ce saiwar haƙorin ta tsage, ba yadda za a yi, sai an cire. Amma za ta sake cika ramin, don in aka bar shi haka muƙamuƙin zai iya karyewa. Ta tambayi abin da ya faru, ba da faɗa ba. Baba ya faɗa mata tiryan-tiryan, bai rage komai ba, har da maganar haƙƙin kare.

Ta ce, "Ayya, Baba. Ai da kun dafa kan ya yi lugub kun daka a turmi, da ya ci rabonsa lafiya lau." Sai ta juyo gare ni. "Malam, ban ce maka haka ba?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce, "Kin faɗa."

Baba ya juyo ya dube ni. Ba harara ba ce, kallo ne kawai, na ɗan lokaci, sannan ya mayar da idonsa kan kare. Bai taɓa tayar da maganar ba, a ranar ko bayanta. Ni da na tara masa mutane na yi masa tsawa, shi ko a gaban likita bai tona ni ba. Ta ba shi fiƙar a cikin auduga, ya sa a aljihu.

Aikin na biyu ya kama. Bayan wata uku ta sa Baba ya danna wurin da yatsansa. Inda rami yake ya cike, ya yi tauri, dasashi ya rufe sumul kamar ba a taɓa yanka ba. Ya danna ya sake dannawa, ya ce, "Ikon Allah, ƙashi ya tsiro. Aikinki ya yi, ɗiyata. Namu ne bai yi ba." Namu ya ce. Na ji kalmar nan har cikin ƙashina.

Da rani ya zagayo aka buga ganga, suka fita, na bi su. Kare bai manta komai ba. Ya ta da zomo a gindin sabara, ya bi shi, ya yanke masa hanya kamar yadda ya saba, ya cafke. Zomo ya yi wutsil-wutsil ya zame daga bakinsa ya ruga. Ya sake kamawa, ya sake zamewa, wani baƙin kwikwiyo na mutanen Mabai ya zo ya ɗauke. Wani saurayi ya ce, "Baba, karen bana shi ke maganin zomon bana!" Aka yi dariya, ba da mugunta ba. Karenmu ya dawo ya tsaya gaban Baba yana haki, baki wayam, yana kallonsa. Baba ya shafa kansa, ya yi fito gajere sau biyu, suka juya gida tun rana ba ta take ba. Ya rataye ƙerensa a zaure, bai sake saukowa da shi ba.

Abokansa ba su daina tsayawa a ƙofarmu ba. Duk ranar farauta sai an sauke zomo. Baba ya sa masassaƙi ya yi masa ɗan turmi da 'yar taɓarya, ya hana kowa taɓawa. Zai cire kan, ya dafa da kansa a gwangwani a gindin darbejiya har ya yi lugub, ya zauna ya daka. Namiji, tsoho, mafarauci, yana daka a ƙofar gida! Matan da ke zuwa rijiya suna rufe baki da mayafi, 'yan'uwansa suna ce masa amarya. Ya ce su yi ta yi. In ya gama ya kwashe a tafin hannunsa ya miƙa, kare ya lashe, sannan ya ce wa Inna, "To, ɗauki."

Yau Baba ba ya duniya, Allah ya jiƙansa, karen ma ya riga shi da shekara biyu. Gangar ta yi shiru, likitar ban san inda aiki ya kai ta ba. Turmin yana ɗakin Inna, ba ta daka komai a ciki, ba ta kuma yarda a ba da shi. Ni kuma har yanzu ina aikin dabbobi, kuma duk abin da likita ya ce in faɗa wa mai dabba, ina faɗa masa duka, ko da ina ganin ba zai bi ba.

Na fi shekara ina ɗauke da maganar a ciki kafin na iya buɗe baki. Wata ranar farauta ce, na zo gida na sami Baba a gindin darbejiya yana daka, kare na kwance yana jira. Na durƙusa a gabansa na ce, "Baba, ku yafe mini. Na yi muku tsawa a gaban mutane, alhali ni na ɓoye maganar likita. Laifina ne."

Bai daina dakan ba. Ya ce, "Ni kau na yafe maka tun a Kankara. Ɗa ya yi wa uba tsawa, uba ya yafe, an gama." Ya nuna kare da haɓa. "Shi fa? Ni na miƙa mashi, kai ka ɓoye. Shi ba ya jin Hausa, malamin shanu. Ta ina za mu roƙe shi?"

Idona ya cika. Ya dube ni, ya dubi turmin, sai ya miƙo mini taɓaryar da bai taɓa bari wani ya riƙe ba.

Na gyara zama a ƙasa, da rigar aikina, mata suna wucewa rijiya suna kallo. Na daka har ya yi laushi, na kwashe a tafin hannuna, na miƙa wa kare.